Kwayil Huɗu a Jakar Malam

Tun da muka dawo ban samu na ci tuwo da zafinsa ba. Wannan ta shigo sannu da zuwa, kafin ta tashi waccan ta yi sallama, kuma tambayar ba ta canzawa: "Malama Hadiza, yaya Amurka?" Na faɗa a tsakar gida, na faɗa a islamiyya, na faɗa a gidan suna, har muryata ta dishe. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, wadda ta sake tambaya in miƙa mata ta karanta da kanta. Masu son labarin dogayen benaye su yi haƙuri, ban cika ɗaga kai ba. Ni wankan jego ya kai ni, kuma abin da ya fi hana ni sakat a can wata tsohuwar mota ce da maigidana.

Autarmu Nafisa ke aure a wani gari da ake kira Hyattsville, a gefen Washington. Mijinta Aminu ɗan Malumfashi ne, yana aikin jinya a wani asibiti. Da cikinta ya tsufa sai suka aiko mana da gayyata, ni da Malam. Ni ko musu ban yi ba, na fara dakan garin kunu. Malam ne ya kafe.

"Ina aka taɓa yin haka?" in ji shi. "Namiji da furfurarsa ya je ya tare a gidan suruki yana cin tuwon 'yarsa? Ke ki tafi, aikinki ne. Ni me zan yi musu?"

Wanda bai san Malam ba, direban gwamnati ne na shekara talatin da ɗoriya, kuma tun da ya yi ritaya bai iya zama ba. In ya rasa abin yi, sai ya kwance ƙyauren da ba abin da ya same shi ya sake ɗaurawa. Sai da Nafisa ta yi masa kuka a waya, ta ce tana so ɗanta na fari ya ji hannun kakansa, sannan ya sauko. Amma ya kafa sharaɗi a gabana: "Ranar da na ga na zame musu kaya, ranar zan nemi hanyar gida." Malam ba ya magana biyu. Ni kuma ba zan bar shi ya keto duniya shi kaɗai da hawan jininsa ba, ba kuma zan iya barin mai jego kafin arba'in ba. Da wannan fargabar na bar Funtuwa, kuma ita na yi ta goyo har can.

Motar haya muka ɗauka zuwa Abuja. Malam ya zauna a gaba, kuma tun kafin mu kai Zariya ya koya wa direban sa giya, ya koya masa taka birki, ya gaya masa tayarsa ta baya tana neman iska. Yaron ya yi haƙuri har Kaduna, sannan ya ce, "Baba, ko za ka karɓa ne?" Malam ya miƙa hannu da gaske, sai da na tsunkule shi ta bayan kujera.

A jirgi ma bai huta ba, ya kasa kunne yana sauraron inji, can ya ce mini lafiyarsa lau. Na ce to alhamdu lillahi tunda ka duba. A Addis Ababa muka canza jirgi, a nan na sha kunya wajen alwala. Famfon ba shi da abin murɗawa. Na danna, na ja, na buga, ko ɗigo. Sai wata 'yar kasuwa 'yar Jos ta zo ta tura hannunta ƙarƙashinsa, ruwa ya zubo. Ta ce, "Mama, wannan sai ya ga hannunki yake bayarwa." Na ce ashe har famfo ya koyi halin mutanen yanzu.

Da muka sauka a filin jirgin Dulles, ma'aikacin da ya duba fasfo bai wahalar da mu ba. Na ce masa jika muka zo tarba, ya yi murmushi ya buga hatimi. A wajen ɗaukar kaya ne wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa, sanye da riga, ya zo ya zauna daram a gaban jakata. Na matsa, ya matso. Ashe kilishin da na naɗe cikin zannuwa ya shinshino, kuma nama ba ya shiga ƙasarsu ko na waye. Ina ji ina gani aka ɗauke kilishin da na yi wa Nafisa alkawari. Ma'aikacin ya buɗe ƙullin daddawa ya kai hanci, na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya tambaye ni mene ne, na ce masa miya. Ya ɗaure da sauri ya turo mini, ko ƙullin garin kuka da na kanwa bai ƙara buɗewa ba. Malam yana ta kallon karen, sai ya ce, "A ƙasar nan har kare ma'aikacin gwamnati ne. Ko shi ana biyansa fansho a kan lokaci?"

Aminu na jiranmu a waje. Yana hango mu ya cire hula ya durƙusa har ƙasa a tsakiyar Turawa, mutane suna kewaye shi da jakunkunansu suna waige. Raina ya yi fari, don shekarun da ya yi a can ba su cinye masa tarbiyya ba. Ya kai mu wajen motarsa, wata tsohuwa mai ruwan toka wadda ta girmi aurensu nesa ba kusa ba. Malam ya saurare ta a hanya ya ce injin na da sauran ƙarfi. Muna isa gida, kafin ya sha ruwa, ya sa aka buɗe masa bonet, wato murfin inji. Ya ga ƙura da baƙin mai sun yi kauri a kai, ya girgiza kai.

Gidan nasu ƙasan wani bene ne, ɗaki biyu da falo da banɗaki ɗaya. Babu zaure, babu tsakar gida, babu inda suruka za ta kauce wa surukinta. In na fito zan shiga kicin sai in yi kiciɓis da Aminu a lungu, ni in koma da baya, shi ma ya koma da baya, lungun ya zauna ba kowa. Bawan Allah nan a tsaye yake cin abinci a bayan firiji don kada mu gan shi yana tauna. A saman benen akwai Sista Rifkatu, 'yar Pankshin, ita ma jinya take yi, kuma Hausarta ta fi tawa gishiri. Ran da muka iso ta sauko da tukunyar gwate ta ce, "Mama, ku ci wannan tukuna, burodin ƙasar nan sukari ne zalla." Ita ta fara kai ni kantin 'yan Afirka, inda na ga doya kwance a cikin kwali ana lallaɓa ta kamar ƙwai.

Mutanen unguwar ba sa gaisuwa, sai ɗan murmushi su wuce. Akwai wani dattijo da ke zagayawa da karensa kullum da safe, yakan ɗaga mana yatsu biyu. Malam ya tare shi ya tambaye shi kwana, da gajiya, da iyali, da aiki, duk da ɗan Turancinsa na direbobi. Mutumin ya tsorata da farko, amma kafin mu taho shi ke fara tsayawa.

Kwanakin farko sun yi wa Malam nauyi. Ya zauna a falo, ya tashi, ya leƙa taga, ya dawo. Aka kunna masa talabijin ya ce surutu ne. Ya nemi tsintsiya, Nafisa ta ce injin ke shara. Ya ce zai wanke kwanuka, ta ce injin ke wankewa. Jakarsa kuwa tana jingine a bango, bai cire komai ba sai kayan da zai sa, ni kuma kullum idona na kanta.

Sai wata safiya bayan sallar asuba ya zagaya bayan gida ya ga famfo da dogon tiyo a nannaɗe. Ya dawo da fara'ar da ban gani ba tun Funtuwa, ya ce wa Aminu ya ba shi makulli zai ɗumama mota. Na leƙa ta taga na gan shi ya naɗe ƙafar wando, ya haɗa kumfa a bokiti. Ya wanke jiki, ya wanke tayoyi, sannan ya buɗe bonet ya bi injin da buroshi da sabulu lungu-lungu, ya sakar masa tiyo har sai da ya yi ƙyalli. Haka ya yi wa motocin gwamnati duk tsawon aikinsa, kuma kowa a Funtuwa ya san a injin motar Malam ana iya shanya tuwo. Ranar ya ci abinci har da ƙari, ya kwashe kayansa ya jera a durowa. Daga nan abin ya zama wazifa, kusan kowace safiya. Aminu ya yi ta godiya, ni kuwa har sadaka na yi.

Ba a jima ba, ran wata Juma'a Malam da Aminu suna hanyar masallaci, motar ta fara rawar sanyi. Tana tafiya tana shaƙewa, wata fitila ruwan ɗorawa tana ƙiftawa a gaban direba. Da kyar suka samu raka'a ta biyu. Aminu ya kai ta wajen makanikensa, Isufu, mutumin Maraɗi, shi kuma ya duba ya ce kwayil ne ya ƙone. Don waɗanda ba su auri direba ba, kwayil shi ke ba fulogi wuta, kuma wannan motar guda huɗu gare ta, kowane fulogi da nasa a kansa. In ɗaya ya mutu sai motar ta riƙa ɗingishi da ƙafa uku. Isufu ya ce tsufa ne, ya sa sabo. Malam ya ce ai dole, motar da ta shekara ba wanka.

Ana cikin haka Allah ya sauki Nafisa lafiya, namiji. A nan na ga abin mamaki, miji a cikin ɗakin haihuwa yana riƙe da hannun matarsa, ni uwa ina waje a kan kujera. Wankan jego kuwa sai da muka yi sulhu. Babu garwa, babu itace, babu ganyen darbejiya. Na cika manyan tukwane biyu na ɗora a kan murhu, tururi ya turnuƙe gidan, sai wani abu a silin ya fasa ƙara kamar ana yanka shi, ashe na'urar jin hayaƙi ce. Sista Rifkatu ta sauko a guje da tawul tana yi masa fifita tana dariya. Likita kuma ta ce a rage zafin ruwan, a rage kanwa a kunu. Na rage, amma ban ce muku na daina ba.

Ragon suna ba a ɗaure shi a ƙofar gida yara su yi ta kallo. Gona ake zuwa can bayan gari, ka nuna wanda kake so, a yanka a feɗe a zuba maka a kwali. Malam da Aminu suka tafi tun da sassafe. A hanyar dawowa, a kan babban titin da ya bi ta Germantown, ga nama a but ɗin mota, ga baƙi sun fara taruwa, motar ta sake kama rawa. Suka taho a gefen titi a hankali, manyan motoci na wuce su suna hon, Malam na ba da umarni. Sun iso a makare, amma sun iso. Da liman ya faɗi sunan yaro, sai muka ji sunan Malam ne. Ba wanda ya gaya masa kafin nan. Ya sunkuyar da kai ya daɗe yana gyaran hular da ba ta karkace ba. Ni dai tunda ba zan iya kiran sunan ba, na ce Maisuna, kuma na gaya wa Malam ya yi hankali, na samu sabon ango mai jini a jika.

Wannan karon Isufu ya canza kwayil na biyu, ya haɗa da fulogai gaba ɗaya. Da Aminu ya dawo Malam ya tambaye shi me aka ce. Ya sosa ƙeya ya ce, "Baba, kayan yanzu ne ba su da ƙarko." Malam ya ce gaskiya ne, washegari ya ƙara wa injin wanka na musamman saboda ƙurar gona.

Na ukun a gabana ya faru. Mun kai Maisuna awo, ni da Nafisa a baya, Aminu na tuƙi, sai na ji kujera tana karkarwa a ƙarƙashina. Garejin na kusa, muka lallaɓa. Isufu dogo ne siriri mai fara'a, ya gaishe ni da kyau, sannan ya buɗe bonet ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Aminu, mi na ce maka wancan karon?" in ji shi. "Na ce a bar wanke injin ga da tiyo. Robar bakin bobin ɗin, kwayil da kuke cewa, duk ta bushe ta tsage. Ruwa na bi ya kwanta cikin ramin fulogi, wuta ta haɗu da ruwa, mi kake so ya hwaru? Wa ke wannan aiki, kamar za a kai inji gidan biki?"

Aminu yana ta yi masa alama da ido, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, na ji komai ta taga. Na fito na ce, "Malam Isufu, maimaita mini." Ya dubi Aminu, ya dube ni, ya gane ya taka wuta, sai ya shiga neman sifana da ke hannunsa.

Tun da aka ɗaura aurensu, Aminu bai taɓa haɗa ido da ni ba sai ranar. Ya matso ya rage murya ya ce, "Mama, don girman Allah kada Baba ya ji. Nafisa ta gaya mini sharaɗin da ya kafa. Wankin motar nan shi ke riƙe da shi a gidan nan. In ya san shi ke kashe ta, wallahi gobe zai ce a kai shi filin jirgi."

Na ce, "Kai kuma fa? Haka za ka yi ta tsayawa a titi?"

Nafisa ta ce daga cikin mota, "Har an yi masa magana a wajen aiki saboda makara, Mama."

Ya ce, "Wannan mai sauƙi ne, sai in riƙa bin jirgin ƙasa. Kwayil ana sayen wani."

Tausayinsa ya kama ni, kuma kunyarsa ta kama ni fiye da ta lungun kicin. Na ce to, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, na yi shiru.

Daga nan muka shiga dabara, mu uku a kan tsoho ɗaya. Aminu ya sa Isufu ya zare wayar da ke buɗe bonet, ya zo ya ce wa Malam ta tsinke. Malam ya ce kada ya damu. Kafin a gama karin kumallo ya samo filaya da wata 'yar waya a bayan gida, ya gyara, har ya fi da sauƙin buɗewa. Nafisa ta ɓoye tiyo ta ce na mai gidan haya ne ya karɓa. Malam ya koma bokiti, kuma ruwan bokiti in ya watsa ya fi na tiyo yawa. Ni kuma na ɓullo da tawa, da an idar da asuba sai in ɗora masa Maisuna a cinya in ce takwaransa na kuka. Wannan ta yi aiki kwana biyu. A na uku na fito na tarar ya kwantar da yaron a kekensa a inuwa, yana wanki yana yi masa bayanin sassan inji.

Da na huɗun ya ƙone, Malam ya fusata, amma ba da kansa ba. Ya sa babbar riga ya ce, "Wannan makaniken ko bai iya aiki ba, ko cutar yaron nan yake yi don ya ga yana da haƙuri. Yau sai na gan shi." Aminu ya ce ba sai ya wahala ba, Malam ya riga ya shiga gaba ya zauna. Na jawo mayafi na bi su.

A garejin suka gaisa da Isufu, Malam yana amsawa a daƙile. Ya ƙi zama a kujerar da aka ba shi, ya tsaya a kan injin ya harɗe hannu a baya, ya ce a yi a gabansa. Isufu ya kwance kwayil ɗin ya zaro, bakinsa a jiƙe. Ba yadda zai yi, dole ya busar da ramin kafin ya sa sabo. Ya ɗauko tiyon iska ya zura ya danna. Ruwa ya yi tsalle ya fito, fari fat da kumfa, har ya fantsama a gaban rigar Malam. Ƙamshin sabulun da ni na saya da hannuna ya tashi.

Malam ya dubi kumfar a rigarsa, ya shafa da yatsa, ya kai hanci. Ya leƙa ramin, ya dubi tsagaggiyar robar da ke hannun Isufu. Mutumin da ya yi shekara talatin a kan inji ba ya bukatar a yi masa fassara.

Isufu ya yi gyaran murya ya ce, "Alhaji, ƙasar ga akwai ruwan sama da yawa. Danshi ne."

Aminu ya yi caraf ya ce, "Eh, Baba, danshi ne."

Malam ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "To."

Har muka iso gida ko sau ɗaya bai gyara wa Aminu tuƙi ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Bayan la'asar na shiga ɗaki na tarar ya jawo jakarsa ya ɗora a kan gado a buɗe. Na zauna a bakin gadon.

"Motocinmu na da kwayil ɗaya ne, a can sama, sai ka rufe shi da leda ka yi wankinka," in ji shi, ba ni yake kallo ba. Can ya ce, "Tun yaushe kika sani?"

"Tun na uku."

"Yaron nan fa?"

"Tun ranar suna."

"Tun ranar suna," ya maimaita. "Kuma kullum ya fito sai ya ce mini sannu da aiki, Baba."

Na ce, "Malam, garin neman gira ne, kowa na yi. Don Allah ka bar yarinyar nan ta yi arba'in da ubanta a kusa."

Ya daɗe yana kallon cikin jakar, sannan ya tura wasu tsummoki gefe kamar mai auna wuri, ya rufe ta ya mayar jikin bango. Tuwon dare kaɗan ya taɓa.

Da safe na ji ƙarar bokiti. Na leƙa ta taga ina addu'a. Yana nan da naɗaɗɗen wando, ya wanke jiki, ya wanke tayoyi, ya goge gilasai. Da ya zo kan bonet sai ya wanke bayansa, ya tsane shi da ƙyalle, ya ɗan dafa shi, ya wuce. Aminu ya fito da shirin aiki ya rusuna ya ce, "Sannu da aiki, Baba."

Malam ya ce, "Yauwa. Waɗanda suka ƙone, suna ina?"

Aminu ya buɗe but ya ɗauko wata leda, ga su nan su huɗu. Ya ce, "Me za ka yi da su, Baba? Sun mutu."

"Ba ni. Aikin hannuna ne."

Iyakar maganar da suka yi a kai ke nan, har yau. Amma daga ranar Malam ya hana shi cin abinci a bayan firiji, ya ce ya zo su sa hannu a kwano ɗaya. Aminu ya yi ta noƙewa, yana ɗaukar loma kamar mai shan magani, kafin sati ya saba.

Mun yi arba'in cif, har da ɗori. Motar ba ta sake ko tari ba. A cikinta aka kai mu Fort Washington gaishe da wasu 'yan Katsina, inda na ci waina da miyan taushe kamar a gida. Fadar shugaban ƙasarsu kuwa a jirgin ƙasa muka je, muka leƙa ta bayan shinge. Tana da kyau, amma ta fi girma a talabijin. Ranar tahowa Sista Rifkatu ta yi kuka, dattijo mai kare ya kawo wa Malam hular sanyi, ni kuma sai da aka ɓamɓare Maisuna daga bayana.

A Abuja ma'aikacin da ya buɗe jakar Malam ya ɗago ledar ya ce, "Baba, waɗannan fa?" Malam ya ce tsaraba ce. Mutumin ya juya su ya ce ai sun ƙone. Malam ya ce ya sani.

Ku da kuke shigowa kuna tambayata ina tsarabar Malam, ku duba kan kantar da ke zaure in za ku fita, suna nan a jere, kullum sai ya goge su. Jiya ina jin abokansa na majalisa sun tsare shi, ɗaya yana cewa, "Kai kuwa ka je har Amurka ka rasa abin ɗaukowa sai matattun kwayil?" Malam ya ɗauki ɗaya ya juya shi a hannu, ya ce, "Da na ba da Nafisa, ban san wa na ba wa ba, sai da na je. Yaron nan ya gwammace ya tsaya a titi sau huɗu da ya ce mini na yi kuskure sau ɗaya."

Ina daga tsakar gida ina tankaɗe, sai da na ajiye rariyar na share ido.